Kaurin Tawada da Tasirinsa a Sana'ar Bugun Rariya a Zangunan Accra

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana wa ɗalibai yadda kaurin tawada yake shafar kyawun aiki a sana'ar buga rubutu da zane a jikin riguna da ƙyallaye. Masu sana'ar sukan kira ta da sunan Ingilishi da suka hausantar, wato "sikirin", amma a nan za mu kira ta bugun rariya, domin kuwa ta cikin ƙananan hudoji ake tura tawadar, kamar yadda ake tankaɗe gari. An ɗauki misalai daga unguwannin Nima da Maamobi na birnin Accra a ƙasar Gana saboda dalilai biyu. Na farko, Hausa ce harshen hulɗa a waɗannan unguwanni. Na biyu, yanayin garin, da zafinsa da laimarsa da ɗan hunturunsa, yana fito da matsalar kauri a fili.

Ɗalibi zai amfana da takardar ta fuska biyu. Zai fahimci wani ɓangare na fasahar da jama'a suke cin abinci da ita, sannan zai ga yadda Hausa take da kalmomin da za a iya bayanin kimiyya da su, da kuma wuraren da ake bukatar aro ko ƙirƙira. Ga mai sana'a kuwa, maganar ta jari ce. Ɗan makarantar allo in tawadarsa ta zuba sai ya wanke allon ya sake rubutu. Mai bugu in tawadarsa ta malale a kan riga, rigar ta ɓaci ke nan, kuma shi zai biya.

2.0 Zangunan Accra da Sana'ar Bugu

Kalmar "zongo" da ake amfani da ita a Gana daga "zango" ta samo asali, wato masaukin ayari. Fataken Hausa sun daɗe suna bin hanyar Gwanja domin sayen goro a kasuwar Salaga. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake da malamai da yawa sun watsu zuwa wasu garuruwa. A ɓangaren bakin teku kuma, Turawan Ingila sun ɗauki Hausawa aikin soja, sun kuma yi amfani da su a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Da aka mayar da Accra hedkwatar mulki a 1877, sai garin ya ƙara jawo baƙi. Tsofaffin fatake "Ankara" suke kiran wannan gari.

A farkon ƙarni na 20 Malam Bako, ɗan Malam Na'ino mutumin Katsina, ya kafa Sabon Zongo. Nima kuwa ta fara ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami fili daga hannun wani gida na mutanen Ga, ta kuma bunƙasa ƙwarai a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa. Maamobi tana maƙwabtaka da ita. Mazauna waɗannan unguwanni ƙabilu ne daban-daban daga arewacin Gana da Nijar da Nijeriya da Mali da Burkina Faso da Togo, kuma Hausa ce ta haɗa su. Ɗalibi zai lura cewa Hausar zongo ba ta cika bambanta jinsi ba, don haka zai iya jin an ce "tawada ya yi kauri" a inda Bakano zai ce "ta yi kauri".

Bukatar riga mai rubutu tana da yawa a irin wannan wuri. Makarantun Islamiyya suna buga ta domin walimar sauka da Maulidi, ƙungiyoyin samari domin Sallah, ƙungiyoyin ƙwallo domin lamba da suna, makarantun boko domin tambarinsu da faretin ranar 'yancin kai ta 6 ga Maris. Maƙwabta Kiristoci suna buga hoton mamaci a riga domin jana'iza. Sai kuma siyasa: tun daga 1996 har zuwa 2024 ranar 7 ga Disamba aka riƙa yin babban zaɓe duk bayan shekara 4, kuma kafin ranar akan ga giwar jam'iyyar NPP da lemar jam'iyyar NDC a ƙirjin dubban magoya baya. Abin da ya haɗa duk waɗannan ayyuka shi ne kowannensu yana da ranar da ba ta ɗaguwa. Rigar Sallah ba ta da amfani in an kawo ta bayan Sallah.

3.0 Yadda Ake Bugun Rariya

Asalin dabarar tsohuwa ce. An san bugu da fefe mai huda a ƙasar Sin tun zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279. A 1907 wani mutumin Manchester mai suna Samuel Simon ya yi rajistar hanyar bugu ta cikin ƙyallen siliki a Ingila. A yau zaren roba ake saƙa ragar da shi.

Kayan aikin guda huɗu ne. Akwai firam na katako ko na alminiyam. Akwai raga mai ƙananan idanu da ake ɗaurewa a jikinsa ta yi tsam kamar fatar ganga. Akwai robar ja, wato faffaɗar roba mai mariƙin katako. Sai kuma tawada. Da farko akan shafe ragar da wani sinadari mai jin haske, a bar shi ya bushe a cikin duhu. Daga nan sai a ɗora zanen da aka fitar da baƙi a kan takarda mai gani-har-hanji, a haska da fitila ko a fitar rana. Inda haske ya taɓa sai sinadarin ya taurare ya toshe idanun raga. Inda baƙin zane ya kare kuwa, ruwa yana wanke shi, idanun su buɗe. Ta waɗannan buɗaɗɗun idanu ne kaɗai tawada za ta wuce.

Wajen bugu, akan shimfiɗa riga a kan tebur, a sauke firam a kanta, a bar ɗan rata na milimita 2 zuwa 3 tsakanin raga da riga. Sai a zuba tawada a gefe guda. Ja biyu ake yi. Na farko jan shimfiɗa ne, mai sauƙi, domin cika idanun raga. Na biyu jan bugu ne, wanda ake danna roba har raga ta taɓa riga, tawada ta sauka, ragar kuma ta ɗago da kanta a bayan roba. Daga ƙarshe sai a gasa bugun da zafi domin ya kama yadi.

Idan aka duba da kyau, za a ga cewa a cikin daƙiƙa 2 ko 3 ana bukatar tawada ta yi abubuwa uku masu karo da juna: ta zauna a kan raga ba tare da ta ɗiga ba, ta gudana ta cikin ido idan roba ta tura ta, sannan ta tsaya cik a inda ta sauka. Kauri ne yake hukunta duka ukun.

4.0 Ma'anar Kauri

4.1 Kauri a Harshen Hausa

Kalmar "kauri" tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai kaurin abu mai jiki, kamar katanga ko katako ko igiya, akwai kuma kaurin abu mai gudana, kamar kunu ko miya. Ma'ana ta biyu ce take gabanmu, ko da yake za mu ga cewa ta biyun ita take haifar da ta farkon, domin tawada mai kauri takan bar shafi mai kauri a kan riga.

Ta fuskar nahawu, "kauri" yana cikin rukunin sunayen da F. W. Parsons ya yi nazarinsu a 1955, wato sunayen da suke bayyana abin da gaɓoɓi suke ji, kamar zafi da sanyi da nauyi da tauri da laushi da santsi da yauƙi. Dukkansu suna ƙarewa da wasalin "i", kuma ana fitar da sifa da aikatau daga cikinsu ta hanya ɗaya: zafi, zazzafa, zafafa, tauri, tattaura, taurara, kauri, kakkaura, kaurara. Ke nan ba sai mun yi aro ba kafin mu ce "a kaurara tawada" ko "kakkaurar tawada".

Kishiyar kauri ana bayyana ta da "ruwa-ruwa" ko da aikatau "tsinke", kamar a ce kunu ya tsinke. Amsa-kama ma suna taimakawa: ya yi kauri kirtif, ya yi ruwa tsululu. Akwai kuma kalmomi biyu da ya kamata a bambanta su da kauri. Danƙo shi ne manne wa abin da aka taɓa, kamar ƙaro. Yauƙi shi ne jan zare idan an ɗaga, kamar miyar kuɓewa ko ta ayoyo da ake cin tuwo da ita a zongo. Abu yana iya yin kauri ba tare da yauƙi ba, kamar man shanu, yana kuma iya yin yauƙi alhali ruwa-ruwa ne. Mai bugu yana kula da ukun daban-daban, kuma Hausa ta riga ta raba masa su.

4.2 Kauri a Kimiyya

A wurin masana kimiyya, kauri shi ne turjiyar da abu mai gudana yake yi idan an so ya gudana. Ma'aunin da aka saba da shi a masana'antar tawada shi ne santifoyis, wanda aka samo sunansa daga Poiseuille, wani likitan Faransa na ƙarni na 19 da ya yi nazarin gudun ruwa a cikin siraran bututu. Kaurin ruwa a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas santifoyis 1 ne. Na zuma yana kaiwa dubbai. Tawadar bugun rariya ta yadi tana kamawa daga dubbai zuwa dubun-dubata, wato tana cikin mafiya kauri a duk tawadojin ɗab'i.

Zafi yana rage kauri. Ruwan da yake da santifoyis 1 a digiri 20 yakan sauka zuwa kimanin 0.8 a digiri 30, da kimanin 0.65 a digiri 40. Kowa ya ga haka a man ja, wanda yake daskarewa da sanyin safiya, ya narke da rana ta ɗaga.

4.3 Halin Saki da Kamawa

Ruwa da zuma kaurinsu ba ya canzawa ko an motsa su ko an bar su, muddin zafi bai canza ba. Tawadar bugu ba haka take ba. Idan tana zaune a gwangwani takan yi kirtif, har a soka wuƙa ta tsaya. Idan an juya ta ko roba ta tura ta, sai ta saki ta yi laushi. Idan an ƙyale ta, sai ta sake kamawa a hankali. Wannan shi za mu kira halin saki da kamawa. Misalin da ya fi kusa shi ne man goge haƙori, wanda yake fitowa in an matsa, ya kuma zauna a kan buroshi ba ya zuba.

Dalilin wannan hali shi ne ƙananan ƙwayoyin launi da sinadaran da ke cikin tawada suna riƙe juna riƙo marar ƙarfi idan tana zaune. Turi yana warware riƙon, hutu yana mayar da shi. Da wannan hali ne tawada take iya yin abubuwa ukun nan da aka ambata. Saboda haka tambayar mai bugu kashi biyu ce: yaya kaurinta yake a ƙarƙashin roba, kuma da wane sauri take kamawa bayan ta sauka? In ta kama da wuri ƙwarai, sawun saƙar raga zai fito a kan bugun. In ta yi jinkiri, gefen haruffa zai malale.

5.0 Tasirin Kauri a Kan Bugu

5.1 Idan Kauri Ya Yi Yawa

Alama ta farko ita ce bugu ya fito da ɗigon farare, wato wuraren da tawada ba ta sauka ba. Siraran layuka su ne suke fara ɓacewa. A rubutun Larabci ko na ajami wannan babbar matsala ce, domin ɗigo ɗaya ne yake raba wani harafi da wani, kuma wasulla ƙanana ne. Idan ɗigon ya toshe a raga, an canza kalma ke nan a kan kowace riga da za a buga bayan haka.

Alama ta biyu ita ce raga ta manne wa riga, ta ƙi ɗagowa a bayan roba. Idan an ɗaga firam da hannu sai tawada ta tsage gida biyu, rabi a riga rabi a raga, fuskar bugun ta yi kaushi, gashin yadi ya miƙe. Idan kuma da yauƙi a ciki, za a ga siraran zare kamar saƙar gizo a gefen haruffa.

Abin da sabon hannu yakan yi a nan shi ne ya ƙara danna roba da ƙarfi. Wannan yana lanƙwasa bakin roba, yana cusa tawada cikin yadi maimakon ta zauna a kansa, yana ja wa raga saki, sannan yana gajiyar da hannu tun aiki bai kai rabi ba. Ko da bugun ya fito, yakan zama shafi mai nauyi kamar faci, ba ya barin iska ta wuce, wanda a zafin Accra mai riga zai ji shi a ƙirjinsa. Shafi mai kauri kuma yana da wuyar gasuwa har ciki. Samansa zai bushe, ƙasansa ɗanye, sai ya tsattsage bayan wanki kaɗan.

5.2 Idan Tawada Ta Tsinke

Tsinkakkiyar tawada tana ɗiga ta cikin raga tun kafin a ja roba, ta taru a ƙarƙashi, ta ɓata gefen zane. Bayan ta sauka kuma sai ta bi zaren yadi ta yaɗu, kamar yadda ruwa yake bin lagwani. Haruffa su kumbura, cikin "a" da "e" da "o" ya cike. Ga mai rubutun Hausa, ƙugiyar "ƙ" da "ɗ" da "ɓ" takan haɗe da jikin harafi. Hoton fuska kuwa da ƙananan ɗigo ake yin sa, manya a wurin duhu, ƙanana a wurin haske. In kowane ɗigo ya ɗan faɗaɗa, sai su haɗe, fuskar ɗan takara ko ta mamaci ta koma baƙin tabo.

Matsala ta biyu ita ce rashin rufi. Tawadar da aka tsinka ƙwayoyin launinta sun ragu a kowane shafi, sannan tana nutsewa cikin yadi. Fari a kan baƙar riga sai ya fito toka-toka, rawaya a kan shuɗi ya koma kore-kore. Wannan ne ya sa farar tawada ta fi saura kauri daga masana'anta, domin an cika ta da farin garin titaniyam saboda ta rufe duhun yadi. Wanda ya tsinka ta don ta yi masa sauƙin ja ya zubar da abin da ya sayo ta dominsa.

5.3 Kauri da Sauran Kayan Aiki

Babu kauri guda ɗaya da ya dace da kowane aiki. Dole a auna shi da abubuwa uku.

Na farko idon raga. Ana ƙidaya raga da yawan zare a santimita ɗaya. Mai zare 43 ita ce gama-gari a bugun riguna, kuma faɗin idonta kimanin maikiron 150 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Mai zare 120, wadda ake aiki mai ƙananan ɗigo da ita, idonta bai wuce kimanin maikiron 45 ba, wato bai kai kaurin gashin kan mafi yawan mutane ba. Tawadar da ta yi daidai a ta farko za ta toshe ta biyu, wadda ta yi daidai a ta biyu kuma za ta kwarara a ta farko.

Na biyu robar ja. Idan an tsayar da ita sosai tana kankare tawada ta bar shafi siriri. Idan an kwantar da ita tana tura mai yawa. Roba mai tauri da kaifin baki ta fi iya yanka kakkaurar tawada.

Na uku abin da ake bugawa a kai. Auduga tana sha, saboda haka tana ɗaukar tawada mai ɗan laushi. Rigar ƙwallo ta zaren roba da leda da kwano ba sa sha, duk abin da ya sauka a kansu yana nan a sama, in ya tsinke kuwa sai ya malale.

6.0 Nau'in Tawada da Yanayin Accra

Tawadar bugun yadi iri biyu ce ta fi yaɗuwa. Ta farko ita ce mai ruwa, wadda ake haɗa launi da wani farin sinadari mai kama da gam, wanda yake riƙe launin a jikin yadi. Ita tana bushewa ne ta hanyar tashin ruwan cikinta, saboda haka kaurinta yana ƙaruwa a kan raga tun daga rigar farko har ta ƙarshe. Ta biyu ita ce filastisol, wadda ƙwayoyin roba ne a cikin wani mai. Ba ta bushewa a iska ko da ta kwana a kan raga, sai an gasa ta har kimanin digiri 160 kafin ta kama.

Accra gari ne na bakin teku, mai laima kusan duk shekara. Damina babba tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma wajen Satumba zuwa Nuwamba. A lokacin laima tawada mai ruwa ba ta saurin toshe raga, amma tana jinkirin bushewa a riga, don haka in an tara riguna kan juna sai su shafi juna. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa iskar hunturu takan iso. Ko da yake ba ta kai ƙarfin ta Kano ko Maraɗi ba, tana busar da iska har tawadar da jiya ta yi aiki lafiya yau ta toshe raga in an ɗan tsaya amsa waya. Ƙurar da take tafe da ita ma tana sauka a kan tawada ta bar ƙananan hudoji a bugu. Wannan lokaci kuma shi ne na ayyukan ƙarshen shekara.

Filastisol tata matsalar daban ce. Da safe, bayan ta kwana a zaune, takan yi kirtif. Wannan kaurin hutu ne, juyawa kawai yake bukata. Wanda ya zuba mata sinadarin tsinkawa a wannan lokaci zai ga ta koma ruwa da azahar, bayan ta sha turi kuma shago ya ɗauki zafi. Har ila yau, gwangwanin da aka daɗe da ajiyewa a ƙarƙashin rufin kwano ko a cikin kwantena mai zafi yana iya fara gasuwa da kansa, ya yi gudaji. Irin wannan kauri juyawa ba ta warware shi.

7.0 Gwaji da Gyara

A manyan masana'antu akwai na'urar da take juya wani sanda a cikin tawada ta auna turjiyarta, akwai kuma kofi mai huda da ake ƙidaya daƙiƙar da tawada mai ruwa-ruwa take ɗauka kafin ta tsiyaye. Ƙaramin mai sana'a wuƙar haɗi ce ma'auninsa. Yakan juya tawada sosai, ya ɗebo ya ɗaga. In ta maƙale ba ta motsi, kauri ya yi yawa. In ta zubo kamar koko, ta tsinke. Abin da ake nema shi ne ta silalo a hankali, ta yanke ba tare da dogon zare ba. Bayan haka sai a gwada a kan tsumma mai irin yadin da za a buga, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ƙa'idojin gyara kaɗan ne. A fara da juyawa kafin a ƙara komai. A ɗebo wadda za a yi aiki da ita a wani mazubi, kada a gyara gwangwani gaba ɗaya. A riƙa ƙara sinadari kaɗan-kaɗan, domin tsinkawa ta fi kaurarawa sauƙi, kamar yadda duk mai dama kunu ta sani. A yi amfani da abin da ya dace da nau'in tawadar: mai ruwa tana karɓar ruwa kaɗan da sinadarin jinkirta bushewa, filastisol kuwa ba ta haɗuwa da ruwa, kuma zuba mata kananzir ko fetur yana iya ɓata gasuwarta, launi ya zube a wanki, ban da illar shaƙar tururinsu a ƙaramin ɗaki da haɗarin gobara kusa da abin gashi. In za a dakata da aiki, a bar raga a shimfiɗe da tawada domin idanunta kada su bushe. A kuma rubuta adadin da aka haɗa, saboda in mai kaya ya dawo neman ƙari launin ya zo ɗaya.

Ya kamata kuma a sani cewa ba kowace matsala ce ta kauri ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma sai an gano abin da ya tsamar da shi. Sakakkiyar raga tana malalar da bugu ko da tawada tana daidai. Farar lamba a kan jar rigar ƙwallo takan koma ruwan hoda saboda zafin gashi ya tayar da rinin rigar ya shiga cikin farin. Kaurara tawada ba zai magance wannan ba, sai an rage zafi ko an sa tawadar da aka yi domin irin wannan yadi.

8.0 Tsohon Ilimi a Sabuwar Sana'a

Sanin kaurin tawada ya girmi bugun rariya a wannan yanki. Almajirin da yake haɗa tawadar allo da gawayi ko baƙin tukunya yana sa ƙaro domin ta riƙe, ya kuma san cewa in ƙaron ya yi yawa alƙalami ba zai sake ta ba, in ya yi kaɗan rubutu zai zube. A Ntonso, kusa da Kumasi, masu yadin adinkra suna dafa ɓawon itacen da Hausawa suke kira kirni har ruwan ya kaurara ya yi baƙi, sannan su dangwala tambarin da aka sassaƙa da ƙwarya su buga a yadi. A yau da yawa daga cikinsu sun haɗa da bugun rariya. Kayan aiki sun sauya, amma ido da hannun da suke gane daidaiton kauri su ne dai na da.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa kyawun bugun rariya ya dogara ga tawadar da take saki a ƙarƙashin roba ta kuma kama a kan yadi. Kauri mai yawa yana kawo toshewa da kaushi da tsagewa, tsinkewa tana kawo malala da rashin rufi, kuma daidaiton yana sauyawa bisa ga idon raga da yadi da nau'in tawada da yanayin rana. Ta fuskar harshe, an ga cewa kalmomin kauri da danƙo da yauƙi da tsinkewa, waɗanda suka fito daga madafa, sun isa bayanin mafi yawan wannan ilimi, aro kuwa an bukace shi ne a sunayen ma'auni da na sinadarai. Ana shawartar ɗalibi ya ziyarci shagon mai bugu a unguwarsa, ya saurari kalmomin da maigida yake koyar da yaransa da su, ya rubuta su yadda ya ji.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bambanta kauri da danƙo da yauƙi, tare da misali biyu-biyu daga abincin Hausawa.
2. Fitar da sifa da aikatau daga waɗannan sunaye: nauyi, laushi, sanyi, faɗi.
3. Bayyana halin saki da kamawa da kalmominka, ka kuma kawo wani sunan da kake ganin ya fi dacewa da shi.
4. An kawo wa mai bugu riguna masu rubutun ajami a watan Janairu, bayan riga 10 sai ɗigon haruffa ya fara ɓacewa. Me ya faru, kuma me ya kamata ya yi?